Yadda ake gane mahaɗin damfara a saƙon imel kafin a taɓa shi

Saƙon damfara yakan zo ne da ɗayan fuskoki biyu: ko kwaɗayi ko tsoro. Wani zai ce wata ƙungiyar agaji na ɗaukar ma'aikata a Damagaram, ko an buɗe bursi ga ɗaliban Jami'ar André Salifou. Wani kuma zai ce za a rufe maka asusu cikin awa 24. Duka biyun so suke ka danna mahaɗin (link) da ke cikin saƙon da gaggawa. To, ga yadda za ka bi.

Da farko, duba wanda ya aiko. Sunan da ke sama ba hujja ba ne, kowa na iya rubuta UNICEF a wurin. Taɓa sunan, cikakken adireshin zai bayyana. In ya ƙare da @gmail.com alhali yana iƙirarin babbar hukuma ce, magana ta ƙare. Ka kuma sani Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko dala a kowane mataki na ɗaukar aiki, don haka duk mai cewa ka tura jaka biyar ta Airtel Money "kuɗin takardu", ɓarawo ne.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake: karanta mahaɗin ba tare da ka buɗe shi ba. A waya, ɗora yatsa a kansa ka riƙe, kada ka saki da wuri. Adireshin gaskiya zai fito. A kwamfuta, kai kibiyar kansa kawai, ka duba ƙasan allo. Yanzu tsallake https:// ka nemi sandar farko mai karkata (/). Sunan da ke manne da ita ta hagu shi ne mai gidan. A accounts.google.com/ mai gida google.com ne. Amma a google.com.sabunta-asusu.top/ mai gida shi ne sabunta-asusu.top, Google ɗin da ke gaba allon shago ne kawai aka rataya a ƙofar wani. Mutane da yawa daga hagu suke karantawa, suna ganin sunan da suka sani sai hankalinsu ya kwanta. Nan ake kama su. Lura da haruffa ma: ana sa 1 a madadin l, ko r da n a jere su yi kama da m, abin da ke da wuyar gani a fasasshen gilashin waya cikin rana.

Alamar ɗan kwaɗon kulle da wasu manhajoji ke nunawa a gefen adireshi kuwa, kada ya ruɗe ka. 'Yan damfara ma suna samun sa kyauta.

Na uku, in kana kokwanto, rufe saƙon. Buɗe manhajar hukumar ko kamfanin da saƙon ya ambata da kanka, ko ka rubuta adireshinsu da hannunka. In bankinka ne, taka ka je reshensu ka tambaya.

In kuwa ka riga ka rubuta kalmar sirri a shafin da mahaɗin ya kai ka, canza ta nan take, da duk inda ka yi amfani da irinta, sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a riƙa neman ƙarin shaida, kamar wata lamba, bayan kalmar sirri. Lambar da ke shigowa wayarka ta SMS, kada ka karanta wa kowa, ko da ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne. Daga nan ka kai ƙarar saƙon: a Gmail na kwamfuta, ɗigo ukun da ke gefen saƙo suna da wurin yin hakan.