Yadda Ake Girki da Tulun Gas a Fili Cikin Kiyayewa

Tun da matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut ta fara aiki a 2011, gas ɗin girki ya wadata a Damagaram, har ƙaramin tulun nan mai kilo 6 da ake ɗaura wa risho a ka ya zama abin gani wajen masu shayi, masu tuyar ƙosai da direbobin da ke yada zango a hanyar Agadas. Mutane da yawa suna ganin in dai a fili ake girki to babu abin tsoro, alhali fili ma yana da nasa haɗari, wato rana, iska da ƙasa marar daidaito.

A fara da wurin ajiyewa. Tulu a tsaye ake girka shi, a kan daɓe ko faffaɗan dutse, domin gas ɗin da ke ciki ruwa ne, kuma idan tulun ya karkata a cikin rairayi, ruwan zai iya kaiwa ga risho, wuta ta yi sama farat ɗaya. A nisanta shi daga zana, tabarma da murhun gawayi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada a bar shi a rana ko a cikin mota a rufe, saboda zafi yana ƙara matsin da ke cikinsa.

Kafin a ɗaura risho, a duba ƴar robar da ke bakin mahaɗin, domin zafi da ƙurar garin nan suna busar da ita har ta tsage. A ɗaura da hannu, a tsanake, ba tare da tilasta zaren ba. Sannan a dama sabulu da ruwa a shafa a mahaɗin, da kan tiyo idan akwai, a ɗan buɗe gas: idan kumfa ta riƙa tasowa tana kumbura, akwai yoyo, sai a rufe a gyara. Gwada yoyo da ashana ganganci ne da ya kamata a daina gaba ɗaya. Tiyon da ya taurare ko ya tsattsage canja shi ake yi, ba a ɗaure shi da leda ko robar taya.

Wajen kunnawa, a ƙyasta ashana tukuna sannan a murɗa gas a hankali. Wuta mai kyau shuɗiya ce. Idan ta yi ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, ramukan rishon sun toshe da ƙura ko maiƙo.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokacin hunturu. Iska tana kashe wuta gas yana ci gaba da fita, don haka mai girki bai kamata ya gusa ba. Wasu sukan kewaye tulun da kwano ko kwali ta ko'ina don tare iska, sai zafi ya taru a kansa. A tare ɓangaren da iska ke fitowa kawai. Haka nan babbar tukunyar biki ko faffaɗan kasko a kan ƙaramin risho suna mayar da zafi ƙasa, ga kuma saurin kifewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu jan risho cikin ɗaki ko tanti su rufe ƙofa don jin ɗumi. Wuta a rufaffen wuri tana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, takan fara da ciwon kai da jiri, ta kashe mutum yana barci.

Idan an gama, a rufe gas sosai, a bar risho ya huce kafin a kwance shi. A kan babur a ɗaure tulun a tsaye.

Idan aka ji warin gas, a rufe tulun, a kashe duk wata wuta da sigari, kada a taɓa makunnin lantarki, a fitar da shi inda iska ke kaɗawa. Gas ɗin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi kwata ko rami, saboda haka a janye yara daga wurin. Idan wuta ta kama tulun kuma ba za a iya kai hannu a rufe shi ba, kowa ya yi nesa a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.