Kurakuran da muka fi yi idan an nemi lasisin giya a unguwarmu a Ingila

Jama'a assalamu alaikum. Wannan magana ta 'yan uwa mazauna Ingila da Wales ce, musamman masu kula da masallatai da islamiyyu. Shekarun baya wani shago a layin masallacinmu ya nemi lasisin sayar da giya har tsakar dare, muka tashi haiƙan, muka rubuta takarda cike da ayoyi da hadisai, bayan Juma'a aka bi sahu-sahu ana sa hannu, muka kai ofishin kansil, wato ƙaramar hukuma, muna ganin mun gama. Amsar da ta dawo 'yar gajeriya ce, wai ƙorafinmu bai shafi abin da doka ta ce a duba ba. Aka ba mutumin lasisinsa ko zaman sauraron ƙorafi ba a yi ba. Wallahi abin ya min ciwo, amma da na zauna na karanta dokar sai na ga ba wariya aka nuna mana ba, mu ne ba mu san kan abin ba.

Babban kuskuren kenan, kawo hujjar addini. Dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki ranar 24 ga Nuwamba 2005, ita ta ƙwace wannan aiki daga hannun majistarori ta ba ƙananan hukumomi, kuma ta ɗaure musu hannu da manufofi huɗu kacal: hana aikata laifi da tada tarzoma, kare lafiyar mutanen da ke cikin wurin daga haɗari, hana damun jama'a, da kare yara daga cutarwa. Shikenan fa. "Giya haramun ce" gaskiya ne a wurinmu, amma kansila ko Musulmi ne mai tabon sallah ba shi da ikon hana lasisi da wannan dalili, in ma ya yi kotu za ta rushe hukuncin. Haka "ai shagunan giya sun ishe mu ba a buƙatar wani", ko "darajar gidana za ta faɗi", duk ba sa shiga. Ko maganar giya na lalata hanta ba ta da gurbin kanta a nan, a Scotland ne aka ƙara kiwon lafiyar al'umma ya zama manufa ta biyar.

Wasu kuma suna cewa ai doka ta hana buɗe mashaya kusa da masallaci. A jihar New York ta Amurka akwai irin wannan ƙa'ida ta ƙafa 200 daga makaranta ko wurin ibada, amma dokar Ingila ba ta da wani awo haka, don haka kusancin shi kaɗai ba hujja ba ne sai ka nuna abin da zai haifar. To a nan gyaran yake, damuwar taka ɗaya ce, yadda za ka faɗe ta ne zai canza. Kar ka rubuta "kusa da masallaci ne", rubuta cewa yara 'yan shekara shida zuwa sha biyu suna tashi daga islamiyya ƙarfe bakwai na yamma kuma ta ƙofar shagon suke bi zuwa tashar bas, cewa da azumi dattawa da mata suna fitowa daga tarawi da dare, cewa yanzu ma ana tsintar fasassun kwalabe a lungun ana fitsari a bango. Ka ga yanzu ka taɓo kare yara, ka taɓo damun jama'a, dole su karanta.

Sai lokaci, wanda shi ya fi cin mutane. Kwana 28 ne kawai ake da su na shigar da ƙorafi, ana fara ƙirga daga washegarin ranar da aka miƙa takardar neman lasisin, ba ranar da kai ka ji labari ba. Mai nema dole ya liƙa sanarwa a jikin shagon a takarda mai launin shuɗi-shuɗi, girman A4 ko fiye, ya kuma buga a jaridar yankin cikin ranakun aiki goma. In ka ga shuɗiyar takarda a gilashin shago don Allah ka tsaya ka karanta, ka ɗauki hotonta, ranar rufewa tana jiki. Mu kuma mun saba sai an jira taron kwamiti, sai liman ya dawo daga tafiya, sai an yi shawara da wane, kafin a farga wa'adi ya wuce, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne idan babu ƙorafi ko ɗaya da ya cika ƙa'ida, kansil ba ta da zaɓi, doka ta tilasta mata ta bayar da lasisin yadda aka nema.

Tara sa hannu ma bai kai yadda muke zato ba. Takarda ɗaya mai sunaye rututu, ko saƙo ɗaya da aka yaɗa a WhatsApp kowa ya kwafa ya tura, yawanci ba a ba shi nauyi kamar wasiƙar da mutum ya rubuta da kansa. Gara mutum goma kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, da rana da lokaci, da hoto in akwai, da lambar rahoton da 'yan sanda suka ba shi lokacin da ya kira su. Kuma kar a ƙara gishiri, yin ƙarya da gangan a irin wannan takarda laifi ne da ake cin tara a kansa. Ba sai kana zaune a layin ba, tun 2012 aka cire sharaɗin maƙwabtaka, wanda yake kawo 'ya'yansa karatu daga wata unguwa shi ma yana iya rubutawa.

Ka sani sunanka da adireshinka za su je wa mai neman lasisin, wasiƙar da ba suna ba a karɓa. In kana tsoron a tsangwame ka, ka gaya wa jami'in lasisi tun farko, ko ka roƙi kansilan mazaɓarka ya yi magana a madadinka, ko ka kai bayanin ga 'yan sanda ko jami'an kula da muhalli tunda su ma doka ta ba su damar shigar da nasu ƙorafin.

Kuskuren da ni ya fi damuna shi ne na "ko a hana gaba ɗaya ko mu fasa". Hana lasisi ɗungurungum ba kasafai ake yi ba, amma sharuɗɗa ana samu sosai, kuma su ne suke canza rayuwar layi. Ka nemi a rage lokaci, maimakon tsakar dare a tsaya ƙarfe goma. Ka nemi kyamarar CCTV, da tsarin Challenge 25 na tambayar katin shaida ga duk wanda bai yi kama da ɗan shekara 25 ba, da hana sayar da gwangwani ɗai-ɗai da giya mai ƙarfi da masu sha a titi suke saye, da share ƙofar shago, in mashaya ce a sa masu gadin ƙofa. Sau da yawa mai shagon zai yarda tun kafin zama don shi ma ba ya son ɓata lokaci, sai dai ka tabbata an rubuta sharaɗin a cikin abin da zai shiga lasisin kafin ka janye ƙorafinka, alkawarin baka ba ya ɗaure kowa. Ka kuma duba takardar manufofin lasisi ta kansil ɗinku, wadda ake sabuntawa aƙalla duk shekara biyar, in layinku yana cikin yankin da aka ayyana cewa wuraren giya sun riga sun yi cunkoso to ka ambata, amma ko a nan sai wani ya rubuta ƙorafi kafin ya yi aiki.

Ranar zama kuma a je! Kansiloli uku ne suke saurare, cikin ranakun aiki 20 bayan rufe karɓar ƙorafi. Hotuna da takardu a tura tun kafin ranar, don sabuwar hujja a wurin zama sai kowane ɓangare ya yarda. In hukunci bai maka daɗi ba kana da kwana 21 ka ɗaukaka ƙara a kotun majistare, amma a yi lissafi tukuna don ana iya ɗora maka kuɗin shari'a.

In kuma an riga an bayar kamar namu, kowa yana da damar neman a sake duba lasisin, kuma kansil tana iya ƙara sharuɗɗa, ko ta dakatar da shi har wata uku, ko ta soke shi. Sai dai ba a son maimaita ƙorafi iri ɗaya cikin shekara guda, don haka kar a yi garaje, a samu littafi ɗaya a ofishin masallaci, duk abin da ya faru a rubuta rana da lokaci da wanda ya gani, a riƙa kai rahoto ana ajiye lambobin har su taru.