Yadda Ake Gano Ko Manoman Farko Sun Sa wa Gonakinsu Taki

Abin da za ka auna shi ne naitirojin da ke cikin ƙonannen hatsin da aka tono daga tsoffin matsugunai. Idan taki ya zauna, naitirojin mara nauyi, N-14, yakan tashi cikin iska tare da zarnin nan, mai nauyin, N-15, ya yi saura, sai alkama ko sha'ir su sha shi su ajiye a ƙwaya. Da wannan hanya Amy Bogaard ta Jami'ar Oxford da abokan aikinta suka nuna a 2013 cewa manoman farko na Turai, a matsugunai 13 daga Girka har Ingila, suna sa taki tun wajen shekara 8,000 da suka wuce.

Fara da zaɓen ƙwaya. Fasa ta gida biyu ka duba a madubin ƙara girma. Wadda ake so cikinta baƙi ne ƙirin, a cure, kuma siffarta ba ta lalace ba. Wadda ta kumbura ta yi ramuka, wuta ta yi mata yawa, ajiye ta gefe. Kankare ƙasar jikinta da reza. Ni ba na jiƙa ta a asid sai na ga alamar datti ya shige ta, domin asid yana cinye samfur. Awon ƙwaya ɗaiɗai ya fi, amma kuɗin ɗakin gwaji ba wasa ba ne, idan aljihu bai kai ba a haɗa kamar goma daga wuri guda a niƙe.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne fassara. Lambar da awon ke bayarwa ita ce yadda N-15 na hatsin ya haura na iska. Sun haddace cewa ƙasa da 3 cikin dubu ba taki ko kaɗan ne, 3 zuwa 6 matsakaici, sama da 6 taki mai yawa. Da sun ga 7 sai murna. To amma ma'aunin nan daga gonakin gwaji na wurare masu ruwan sama aka samo shi, irin su Rothamsted a Ingila da Askov a Denmak. Fari kaɗai yana ɗaga N-15 ko da ba a zuba taki ko kwando ɗaya ba. Fadama ma tana ɗaga shi, haka ƙona daji. Saboda haka kafin ka ce komai, nemi ma'aunin wurin da kansa: auna ƙashin namun daji masu cin ciyawa na matsugunin, irin su barewa, ka cire kamar 4 domin jikin dabba yakan ɗaga lambar abin da ta ci da kusan haka, ka samu kimanin abin da tsiron da ba a taɓa sa masa taki ba yake nunawa. Da shi za ka gwada hatsinka. Kar ka yi amfani da ƙashin shanun gida, ƙila sun yi kiwo a gonar da aka sa wa takin. Masu binciken tsohon birnin Tell Brak a Siriya sai da suka yi lissafin ƙarancin ruwan sama kafin suka ce taki ya ragu yayin da birnin ke girma. Mai aiki a kan geron Sahel ma dole ya bi ta nan.

Sauran ba wuya. Cire kamar 0.3 daga lambar hatsin saboda ƙonewa tana ɗan ƙara lambar. Kada ka gauraya dangin wake da hatsi, su daga iska suke samun naitirojinsu, sai taki ya yi yawa sosai suke nunawa. Sannan ka tura ƙwaya ɗaya awon shekaru da kabon-14, don hatsi kan gangara ramin ɓera ya faɗa cikin ƙasar wani zamani.