Darasi na 7: Maganin Hawan Jini da Bugun Zuciya

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Wani ɗan lantarki da ke cikinta ne yake sa ta bugawa. Idan babban mutum yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, a tsare.

Ana cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa yana kai 140/90 ko fiye a kai a kai. Idan abin ya daɗe, zuciya takan sha wuya wajen tura jini. Namanta ya yi kauri, ɗakin sama na hagu ya buɗe, tabo ya fito a ciki. Wannan tabo yana tare hanyar lantarkin, sai bugu ya rikice. Wani ya ji faɗuwar gaba ko jiri, wani kuwa ba ya jin komai.

Rikicewar da aka fi gani ita ce ɗakunan sama su riƙa karkarwa maimakon bugawa. Jini ya kwanta a ciki ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ninka kusan sau 5. Wannan ba abin wasa ba ne.

Ɗauko kwalin maganinka ka karanta sunan. Irin su lisinopril da losartan suna sassauta jijiyoyin jini, suna kuma rage kaurin naman zuciya, don haka suna iya rage yiwuwar karkarwar. Mai ciki ba ta shan su. Irin su bisoprolol da atenolol suna rage gudun zuciya. Kada ka daina su farat ɗaya, domin bugu na iya tashi da ƙarfi.

Wasu magungunan da ke sa yawan fitsari kan rage sinadarin fotasiyam a jini, ƙarancinsa kuma yana rikita bugu. Shi ya sa likita ke neman gwajin jini. Ka daure ka je.

Aikin yau: Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasan babban yatsa. Ƙirga bugun na minti ɗaya, ka rubuta lambar a littafinka. A tsare yake zuwa ko yana tsallake? In yana tsallake, nuna wa likita. In akwai ciwon ƙirji, suma ko sarƙewar numfashi, a tafi asibiti nan take.