Minti biyar bayan Isha'i

'Yan uwa, ku nemi ƙaramin littafin rubutu, irin na 'yan firamare. Ko a kasuwar Wunti ta Bauchi ba tsada.

Bayan Isha'i, kafin ka taɓa waya, rubuta abin da ya sosa maka rai yau, da yadda ka yi da shi. Layi biyu ya isa.

Ranar zamanmu na sati-sati in an ce "ya satin?", ba sai ka ce "lafiya lau" alhali cikinka na tafasa ba. Ni ta nan na gano rashin barci ne ke hura mini fushi.

In rubutun ya koma zagin kanka, rufe littafin. In kuma tunanin cutar da kanka ya shigo, kada ka jira sati, je ka ga likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU).