Yadda za ki aika abinci nesa ya isa lafiya lau

Ni dai sau ɗaya aka yi min na hankalta. Dambun nama na yi wa ƙanwata da ke Legas, ina sauri kar motar tashar Mando da ke nan Kaduna ta tashi ta bar ni sai na juye shi a roba da ɗuminsa na rufe gam, ashe gumi zai yi a ciki, ita kuma sai bayan kwana uku ta je tasha, tana buɗewa ta ga funfuna ta yi fari fat a sama. Naman kilo biyu wlh haka aka zubar.

To danshi shi ne matsalar. Duk abin da za ki aika ki tabbata ya bushe ƙayau kuma ya huce sarai, in da hali ma ya kwana a tire an rufa masa kyalle mai tsafta. Kilishi, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, cincin, dubulan, waɗannan duk suna jure tafiya. Amma miya, awara, fura da nono, dan Allah ki haƙura. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa a dafaffen abinci, awa biyu ma ya yi yawa, balle but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu. In ya zama dole kuma nan kusa ne irin Abuja ko Kano, ki daskarar da miyar ta zama kamar dutse, ki saka ta cikin kula tare da ƙanƙara, ki ba motar farko ta safe, mai karɓa kuma ya tsaya a tasha yana jira.

Wajen ɗauri kar ki yi rowar leda. Mai zif ɗin nan, ki matse iskar ta fita, ki ninka biyu, sannan roba mai murfi, sannan kwali mai ƙwari, ki cusa takardu a gefe ta yadda in kin girgiza ba za ki ji motsi ba, don 'yan lodi ba ruwansu buhu za su ɗora a kai. Zuma ko manja kar ki cika jarkar har baki, ki shimfiɗa leda a bakin kafin ki murɗa murfin ki bi da salatif. Daddawa kuwa ki ware mata kwalinta ita kaɗai, in ba haka ba har alkakin amarya sai ya yi warinta. Haka humra da sabulu, nesa da abinci.

Ki rubuta suna da lambar mai karɓa a gefe biyu na kwalin, ki amshi lambar direba da ta motar. In ta gidan waya ne ko irin su DHL, Litinin ko Talata ya fi, kar kaya su yi hutun ƙarshen mako a sito.

Ƙasar waje kuma lissafinta daban. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin nama da kayan madara su shiga ta saƙo daga Najeriya, Amurka ma ba ta yarda da namanmu, wato kilishi da dambu kwastan za su kwashe abinsu, kuɗin awo ya tafi a banza. Busasshen wake ma tun 2015 Tarayyar Turai ta hana namu saboda maganin ƙwari. Fom ɗin kwastan ki rubuta gaskiyar abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kuka kuka, yaji yaji, kuma ki tambayi masu karɓar saƙon a ofishinsu kafin ki naɗe kwalin da salatif, don sai sun buɗe sun duba.