Yadda Ake Gane Maƙerin Takobin Sojan Japan da Kimanta Darajarsa

A Yaƙin Duniya na Biyu, dubban 'yan Arewa sun gwabza da sojojin Japan a Burma ƙarƙashin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, a shekarun 1944 da 1945. Takubban hafsoshin Japan na cikin kayan da sojojin ƙawance suka riƙa komawa gida da su, saboda haka idan wani gida a Bauchi ya gaji takobi mai ɗan lanƙwasa, mai kaifi ɗaya da doguwar ƙota ta kamun hannu biyu daga kakan da ya je Burma, ya kamata a bincika shi a tsanake kafin dillali ya yi masa kuɗi.

Kafin komai, kada a goge shi. Mun saba idan hawan Sallah ya gabato a fito da takubba a kai wa maƙeri ya wasa su har su yi ƙyalli, kuma wannan ya dace da takobinmu na gida, amma shi ne babban abin da ke kashe darajar takobin Japan. Samfefa, dutsen washi da injin gurza ƙarfe suna share alamun da masana ke dubawa, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Ɗan man keken ɗinki a tsumma mai laushi ya wadatar, kuma a guji taɓa ruwan takobin da yatsu, domin gumi na barin tabon tsatsa.

Daga nan sai a dubi siffarsa ta waje. Idan ƙotar ta ƙarfe ce, wato alminiyon ko jan ƙarfe da aka zuba ya yi kamar naɗin zare, kuma akwai lamba a jikin ruwan takobin kusa da ƙota, to wannan samfurin 95 ne na 1935, wanda aka riƙa bai wa masu muƙamin saje. Aikin masana'anta ne, ba shi da sunan maƙeri, don haka babu buƙatar kwance shi. Abin dubawa kawai shi ne ko lambar ta yi daidai da wadda ke bakin kube, domin masu saye sun fi son wanda lambobinsa suka dace. Na hafsoshin sojan ƙasa kuwa, samfurin 94 na 1934 da na 98 na 1938, ƙotarsu ta itace ce da aka lulluɓe da farar fatar kifi mai ƙurji-ƙurji, aka naɗe da zare, da adon furen ceri a tagullar jikinta. Na sojan ruwa, samfurin 97, ana gane shi da kube mai duhu da zobban rataya biyu. Idan tuntun ƙota yana nan, a adana shi: ruwan ƙasa da shuɗi na ƙananan hafsoshi ne, ruwan ƙasa da ja na manya, mai ratsin ruwan zinariya kuma na janar ne.

Labarin takobin hafsa yana ɓoye ne a cikin ƙota. A gefenta za a ga kan wata 'yar ƙusa ta gora, wani lokaci biyu, tana leƙowa tsakanin naɗin zaren. Gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, saboda haka ta siririn gefen ake tura ta da ɗan tsinke mai ƙarfi har ta fito. Sai a riƙe takobin tsininsa na sama, kaifin yana kallon nesa da jiki, a bugi wuyan hannun da ke riƙe da shi da ɗaya hannun, ƙotar za ta saki. A jera ƙananan faifan ƙarfen da suka fito bisa tsarin da aka same su. Abin da zai bayyana shi ne wutsiyar ƙarfen, mai duhun tsatsa da sawun zarto, kuma wannan tsatsar ita kanta shaida ce: ta ƙarfen ɗaruruwan shekaru baƙa ce mai santsi, ta zamanin yaƙi kuwa ba ta kai haka duhu ba. Ko mai kada a shafa mata.

Yawanci sunan maƙeri yana gefe ɗaya, kwanan wata a ɗaya gefen, ana karantawa daga sama zuwa ƙasa. Rubutun sunan kan ƙare da alamar 作, haruffa biyun da ke samanta su ne galibi sunan maƙerin. Kwanan wata na zamanin yaƙi yana farawa da 昭和, wato mulkin Showa da ya soma a 1926, sai a haɗa adadin shekarar da 1925. Shekara ta 18 ita ce 1943. Lambobin fenti da ake gani a wutsiya na masu haɗa kaya ne kawai.

Ɗan ƙaramin hatimin da ke saman sunan shi ne, a ganina, ya fi sunan kansa faɗin gaskiya game da farashi. Hatimin 関 na garin Seki, ko 昭 a cikin furen ceri, yana nuna takobin da ba a ƙera ta hanyar gargajiya ba, sau da yawa da ƙarfen masana'anta da aka tsunduma a mai. Anga a cikin da'ira alamar ma'aikatar sojan ruwa ce ta Toyokawa, wadda ta yi takubba da ƙarfen da ba ya tsatsa. Tauraro kuwa albishir ne, domin yana nuna maƙerin da rundunar soja ta tantance, wanda ya yi aiki da ƙarfen gargajiya na tamahagane, ya linka shi, ya tsunduma a ruwa. Sama da su akwai takubban maƙeran wurin bauta na Yasukuni a Tokyo, waɗanda suka fara aiki a 1933 suka ƙera kimanin 8,100, kuma sunayensu na farawa da Yasu. Takubban kamfanin jirgin ƙasa na Kudancin Manchuriya, da ake kira Mantetsu, ba na gargajiya ba ne, amma suna da masu nema sosai.

Rashin suna ba ya nufin rashin daraja. Wasu hafsoshi sun tafi yaƙi da tsofaffin takubban gidajensu a cikin kuben soja, kuma da yawa daga irin waɗannan an taɓa rage tsawonsu har sunan ya tafi. Wutsiya mai baƙar tsatsa da huda biyu ko uku tana iya fin duk waɗanda aka ambata tsada. Haka kuma samun babban suna ba hujja ba ce, domin sa hannun bogi tsohon abu ne a wannan sana'a, ga kuma jabun zamani masu rubutu a karkace da zanen igiyar ruwa da aka fito da shi da sinadari.

Bayan maƙeri, lafiyar ƙarfen ce ke yanke farashi. A karkata ruwan takobin a hasken rana a bi layin fari-fari da ke tafiya tare da kaifi. A aikin gargajiya za a ga ƙananan ƙwayoyi suna ƙyalli a gefensa. Tsagewar da ta ratsa kaifin kai tsaye aibi ne da ba ya gyaruwa, haka ma tsinin da ya karye har ya cinye wannan layi. Tsatsa mara zurfi kuwa ƙwararren mai gogewa na iya cire ta, sai dai kuɗin aikinsa kan zarce darajar takobin masana'anta.

Kafin a karɓi tayin kowa, a ɗauki hoton wutsiyar gefe biyu, da hatimin, da tsinin, da takobin gaba ɗaya, a auna tsawonsa, a nuna wa masana fiye da ɗaya waɗanda ba su ne masu saye ba. Ga takobin gargajiya, takardar shaidar NBTHK, ƙungiyar adana takubban gargajiya ta Japan wadda aka kafa a 1948, tana ɗaga farashi ƙwarai. A haɗa da takardar sallamar kakan daga soja, lambobin yabonsa da hotunansa, domin suna tabbatar da asalin takobin, kuma tunda kayan gado ne, kada a sayar sai da yardar dukkan magada.